Da Me Ya Fi Kyau a Haɗa Madigadin Keke Mai Ƙaton Taya a Gida?

Keke mai ƙaton taya, wanda faɗin tayarsa yake kamawa daga inci 3.8 zuwa inci 5, an ƙera shi ne domin wuraren da keke na yau da kullum yake nutsewa, wato yashi da dusar ƙanƙara da ƙasa mai laushi bayan ruwan sama. Tun daga shekarar 2005, lokacin da kamfanin Surly na Amurka ya fitar da samfurinsa mai suna Pugsley har irin wannan keke ya fara yaɗuwa a kasuwa, masu hawansa suke fama da yawan ruwa da caɓin da tayar take kwasowa tana watsa musu a baya da ƙafafu da fuska, tana kuma cusa yashi a cikin sarƙa. Madigadi, wato marfin da ake ɗorawa a saman taya domin tare laka, idan na keken gama-gari ne ba ya rufe ko rabin wannan taya, na musamman kuma ba ko'ina ake samunsa ba, wanda aka samu ma ba lallai ne ya zauna daidai a jikin kowane firam ba. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke yanke shawarar haɗa nasu da hannu, kuma abin da yake fara tsayar da su shi ne zaɓen abin da za su yanka.

Kafin a kai ga wannan zaɓi akwai awo, domin awon ne yake fitar da wasu kayan daga lissafi tun da wuri. Tayar da aka rubuta wa inci 26 da faɗin inci 4, idan aka auna ta daga waje zuwa waje tana kusantar santimita 74, kewayenta kuma ya ɗan haura mita 2.3. Madigadin baya da zai rufe rabin wannan kewaye yana buƙatar tsawon kimanin santimita 120, faɗinsa kuma ya kamata ya ɗara na tayar da aƙalla santimita ɗaya ta kowane gefe, wanda ke nufin santimita 12 zuwa 13 ga taya mai inci 4, da kusan 14 ga mai inci 4.8. A tsakanin taya da madigadi a bar tazarar da ba ta gaza santimita 2 ba, a ƙara a kan haka idan hanyar mai laka ce mai danƙo. A yi awon bayan an cika tayar da iska mafi yawa da ake hawa da ita, saboda waɗannan tayoyi ana hawansu da iska kaɗan, daga psi 5 zuwa 15 a ma'aunin matsin iska, kuma suna ƙara kumbura idan aka ƙara musu iska. Wuraren da suka fi matsewa su ne ƙarƙashin kan fok a gaba, wato sashe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, da mahaɗar sandunan firam a bayan sirdi, da kuma ƙasa kusa da feda inda sarƙa take wucewa dab da gefen taya idan aka sa giya mafi sauƙi. Idan tazarar ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba ta kai ba, dogon madigadi mai bin taya ba zai yiwu ba, sai dai gajere wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin sirdi da wani a jikin sandar firam ta ƙasa, kuma ga mai hawa cikin laka mai kauri ko dusar ƙanƙara mai jiƙa gajeren ma ya fi aminci, tunda ba shi da inda zai tara abin da zai cushe taya.

Akwai kuma wata gaskiya da ta shafi dukkan kayan da za a ambata. Falle mai shimfiɗe yana lanƙwasuwa cikin sauƙi ta fuska ɗaya kawai. Madigadi nagari kuwa yana son lanƙwasa biyu a lokaci guda, ɗaya mai bin kewayen taya, ɗaya mai sauko da gefunansa domin su tare ruwan da yake fita ta gefe. Duk bambancin wahalar aiki da ke tsakanin roba da ƙarfe da katako yana komawa ne ga yadda kowannensu yake yarda da wannan lanƙwasa ta biyu.

Abin da ya fi sauƙin farawa da shi shi ne robar allon talla, wadda take da fuska biyu da ƙananan ramuka a jere a tsakaninsu, da yawa sun san ta da sunan Coroplast. Kaurinta yawanci milimita 4 ne, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan: fallen da ya kai santimita 120 a tsawo da 13 a faɗi bai fi gram 120 ba. Wuƙa mai kaifi ta isa a yanka ta, kuma ana iya huda ta da tsinin ƙusa. Sirrin aiki da ita yana ga fuskar da ramukan suka kalla. Idan aka yanka ta ramukan suna bin tsawo, takan yi ƙarfi ta tsaya da kanta, gefunanta kuma su naɗu ƙasa a kan layin rami ɗaya ba tare da gardama ba, sai dai ba za ta bi kewayen taya ba, za ta karye gida-gida, sai an yi mata ƙananan yanka masu siffar alwatika a gefe kowane santimita 8 zuwa 10 sannan a haɗe bakunan. Idan kuma ramukan suna ratsa faɗi, takan bi kewayen taya lafiya lau, amma bakunan ramukan suna buɗe a gefe suna shan ruwa da yashi, sai an rufe su da tef mai ƙarfi. Ga gajeren madigadin baya mai miƙewa daga ƙarƙashin sirdi babu abin da ya kai ta dacewa. Rauninta shi ne rana tana busar da ita a hankali har ta fara tsagewa, ramin da aka sa ƙusa a ciki yana faɗaɗa idan ba a sa masa faffadar washa ba, kuma idan ta yi tsawo takan riƙa kaɗawa tana bugun taya. Ina ganin ko wanda ya ƙudurta yin amfani da wani abu dabam ya kamata ya fara da ita, ya hau keken da ita na ɗan lokaci, ya ga inda ruwa yake kuɓucewa, ya datse ko ya ƙara, sannan ya ɗora ta a kan abu mai tsada ya zana.

Robar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce irin wadda ake yin jarka da gangar roba da ita, wadda ake wa alama da HDPE ko lamba 2 a cikin alwatika. Ana samunta falle-falle, ana kuma iya yanko ta daga tsohuwar ganga. Fallen milimita 2 mai girman da aka ambata yana da nauyin kimanin gram 300, wato ya ninka na robar allon talla fiye da sau biyu, amma abin da ake samu a madadin wannan nauyi yana da yawa. Ba ta tsagewa idan keke ya faɗi, takan lotsa ta dawo. Sanyi mai tsanani ba ya mayar da ita mai saurin karyewa, wanda babban lamari ne ga keken da aka yi shi domin dusar ƙanƙara. Fuskarta tana da santsi, laka da ƙanƙara ba sa kama ta sosai, kuma tsakuwar da haƙoran taya suke cillowa ba ta yin ƙara a jikinta. Mai baƙin launi ta fi jure rana, saboda baƙin sinadarin da ake zuba mata yana kare ta daga hasken da yake lalata roba.

Gangar roba mai cin lita 200 tana da wata fa'ida ta daban. Faɗin bakinta ya kai kimanin santimita 58, don haka idan aka yanko zobe mai faɗin santimita 13 daga tsakiyarta za a samu abin da ya riga ya lanƙwashe, wanda ya ɗan fi taya matsewa, sai a buɗe shi kaɗan ya zauna. Jikin ganga ya fi milimita 2 kauri, saboda haka nauyin zai ƙaru, kuma wajibi ne a san abin da aka taɓa zubawa a cikinta, a wanke ta sosai kafin a sa mata zarto ko zafi. Domin sauko da gefuna ana amfani da na'urar hura iska mai zafi, ana ɗumama tsiri ɗaya a hankali har robar ta yi laushi, a danne ta da katako a kan abin da aka tanada, a riƙe har ta huce. Tana narkewa a wajen digiri 130 na ma'aunin Salshiyas, kuma tazarar da ke tsakanin laushi da narkewa ba ta da yawa, don haka da zarar fuskarta ta fara ƙyalli kamar an shafa mata mai sai a janye zafin. Aibinta biyu ne, kuma duka ana iya zama da su. Gam ba ya kama ta, fenti ma haka, don haka duk haɗin da za a yi sai da ribit ko ƙusa mai noti, launin da aka same ta da shi kuma shi za ta ci gaba da zama. Na biyu, ba ta da tauri, dogon madigadin baya yana buƙatar sandunan riƙo jeri biyu ta kowane gefe, ko kuma a ɗaura shi a ƙarƙashin kariya, wato wurin ɗora kaya na baya, idan keken yana da ita.

Bututun ruwa na PVC yana jan hankalin mutane da yawa, kuma dalilin a fili yake. Idan aka tsaga bututu mai faɗin milimita 160 gida uku a tsaye, kowane kashi yana fitowa da faɗin kusan santimita 14 da gefuna a sauke, tamkar an yi shi domin wannan taya. Matsalar tana bayyana ne lokacin da aka zo lanƙwasa shi ya bi kewaye, domin siffar da ta sa ya yi kyau ita ce take hana shi lanƙwasuwa ta tsawo. Yana fara laushi daga wajen digiri 80, amma dole a ɗumama dogon yanki gaba ɗaya daidai-wa-daida, gefunan kuma, da yake su ne suke cikin lanƙwasar, sukan tattare su yamutse. Idan zafin ya yi yawa ya fara ƙuna, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar asid mai cutar da huhu da ido, don haka ba aikin cikin ɗaki ba ne. Bayan duk wannan wahala abin da ake samu ya fi kowanne nauyi, domin mai kaurin milimita 3 yana kaiwa kusan gram 850 a baya kaɗai, kuma a cikin sanyi PVC yana fashewa ne ya bar tsini masu kaifi. Ban ga dalilin da zai sa a zaɓe shi ba matuƙar akwai jarka ko ganga a kusa.

Sanholo, wato alminiyum, shi ne zaɓin mai son abin da zai yi kama da na kamfani. Fallen milimita 1 yana da nauyin kimanin gram 420 a wannan girma, yana tsayawa tsaf ba ya kaɗawa, yana karɓar fenti idan aka goge shi aka sa masa fentin share fage, kuma jerin sandunan riƙo ɗaya yakan ishe shi a gaba. Irin da ake kira 5052 ya fi dacewa, saboda yana lanƙwasuwa ba tare da tsagewa ba kuma yana jure ruwan gishiri, alhali 6061 mai tauri yakan tsage idan aka naɗe shi sosai. Lanƙwasa shi ya bi taya ba wuya, amma sauko da gefunan a lokaci guda aikin maƙeri ne mai guduma da haƙuri, shi ya sa yawancin na gida suke ƙarewa a shimfiɗe da ɗan naɗi a baki. Wannan naɗin ba na ado ba ne, bakin sanholon da aka yanka yana yanka ƙafa, don haka ko dai a naɗe shi ko a goge shi da magagari a sa masa tsagaggen tiyo na roba. Babban abin lura shi ne yadda yake mutuwa. Girgizar hanya tana gajiyar da shi a hankali, tsaguwa ta fara daga bakin ramin ƙusa ta ratsa faɗinsa, musamman idan an tilasta masa zama da ƙarfin noti maimakon a gyara lanƙwasarsa ta dace tun farko. Washar roba ko ta fata a sama da ƙasan kowane rami tana jinkirta wannan ƙwarai. Yana kuma da ƙara, kowace tsakuwa sai an ji ta, idan ya lotsa ba ya dawowa, kuma idan sanda ta shiga tsakaninsa da taya yakan naɗe ya cushe a ƙarƙashin fok. Ga mai zirga-zirga a kan kwalta ko hanyar tsakuwa lokacin ruwan sama zaɓi ne mai kyau da zai daɗe, amma ga mai shiga daji da saiwoyi da rassan itatuwa ba na ba shi shawarar sa shi a gaba.

Katako yana da masoyansa, kuma idan aka yi shi da kyau babu wanda ya kai shi kyan gani. Ana haɗa siraran falle biyu ko uku masu kaurin kimanin milimita 1.5, a shafa musu gam mai jure ruwa, a matse su a kan wani katako da aka sassaƙa da siffar taya har su bushe, kuma a matse siffar ta ɗan fi abin da ake so domin yakan ɗan buɗe bayan an sake shi. Ba ya yarda da lanƙwasa ta biyu sam, don haka a shimfiɗe yake fitowa, ruwa kuma yana zamewa ta gefunansa, sai an ƙara masa faɗi, wanda firam ba kullum yake bari ba. Kowane rami da kowane baki sai an cika shi da banish, a kuma riƙa sabunta shi, in ba haka ba ruwa ya shiga tsakanin fallen ya raba su. Aiki ne na kwanaki ga mai kayan kafinta, kuma ya fi dacewa da keken yawo a bakin teku ko cikin gari.

Akwai wata dabara da ba ta buƙatar lanƙwasa komai, wato a samo madigadin keke mai taya inci 29, a tsaga shi biyu a tsaye, a sa tsirin roba mai faɗin santimita 6 ko 7 a tsakani a ɗaure da ribit. Tana aiki ne saboda tsayin tayar inci 26 mai faɗin inci 4 ya yi kusan daidai da na tayar inci 29 ta keken hawan dutse, don haka lanƙwasar ta riga ta dace, gefuna a sauke suke, sandunan riƙo ma suna nan, sai dai a ƙara musu buɗi. Wanda yake da tsohon madigadi a ajiye ya gwada wannan kafin ya sayi komai. Ita kuwa hanyar zuba zaren gilashi da ƙaro a kan siffar taya tana ba da abu mai kyau da rashin nauyi, amma ƙurarta da warinta da kayan kariyar da take buƙata sun sa ba ta dace da aikin farko ba.

Idan aka ɗora waɗannan duka a kan sikeli, ga mafi yawan mahaya robar jarka ko ganga ce ta fi, domin ita ce take jure faɗuwa da sanyi da laka, ba ta neman kayan aikin da suka wuce zarto da abin huda da na'urar zafi, kuma ranar da wani abu ya maƙale takan ba da hanya maimakon ta tsayar da taya. Robar allon talla ta biyo baya ga mai son gajeren madigadi ko mai gwaji, sanholo kuma ga mai bin hanya mai kyau da yake son tsafta da ɗorewa.

Sai dai kowanne aka zaɓa, yadda aka ɗaure shi ya fi abin da aka yi shi da shi muhimmanci, musamman a gaba. Yawancin firam da fok suna da ƙananan ramuka masu zare kusa da gindin taya, waɗanda ƙusa mai lamba M5 take shiga. Inda babu su ana amfani da maɗaurin ƙarfe mai rufin roba wanda yake zagaye sandar, kuma ko kusa kada a huda firam ko fok, kada kuma a matse maɗauri da ƙarfi a jikin fok na zaren kabon. Sandar ƙarfe mara tsatsa mai kaurin milimita 4 ta isa ta zama sandar riƙo, noti kuma a sa mai zoben roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Idan fok ɗin mai shan gargada ne, a ɗaure madigadi a jikin gadar da ke haɗa ƙafafunsa biyu na ƙasa, wadda take tafiya tare da taya, domin idan aka ɗaure shi a sama taya za ta buge shi duk lokacin da fok ya nutse. A kuma juya hannun keke hagu da dama ana kan feda, a tabbata yatsun ƙafa ba sa taɓa wutsiyar madigadin gaba.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne sanda ko dutse ya maƙale a haƙoran tayar gaba, ya shiga ƙarƙashin madigadi, tayar ta tsaya cak mahayi ya wuntsila ta saman hannun keke. Saboda haka ne madigadin kamfanoni irin su SKS suke zuwa da mahaɗi mai ɓallewa a sandunan gaba. A aikin gida ana samun irin wannan kariya ta hanyar ɗaure ƙarshen sandunan gaba da siririyar igiyar roba mai kulle kanta maimakon ƙusa, ta yadda idan aka fizge ta da ƙarfi za ta tsinke madigadin ya saki. A bar tazarar bakin da taya take shiga ta bayan madigadin gaba ta ɗan fi ta sauran wurare matsewa, domin abin da ya iya shiga ya samu hanyar fita. A ƙasan wannan wutsiya a ƙara lebatu na tsohon tub ko roba mai laushi wanda ya sauko zuwa kimanin santimita 10 daga ƙasa, domin shi ne yake kare takalma da sarƙa, kuma laushinsa yana sa ya kauce idan ya haɗu da dutse. Bayan an gama a ɗaga keken a juya kowace taya a saurara ko akwai gogayya, a sake shi ya faɗi a kan tayoyinsa daga ɗan tsayi a ga ko wani wuri yana taɓawa, sannan a sake bin notuna da sifana bayan hawa na farko da na biyu, lokacin da roba da washa suke gama zama.